Albam ɗinmu na farko, da yadda amshin waƙa ya koma cefane

Rana ta 4 ce a situdiyo, wajen ƙarfe 11 na safe, ruwan Jos ya ɗan tsagaita. Mawaƙinmu yana cikin ɗan ɗakin ɗaukar murya, ya runtse ido, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana rera amshin waƙar da muka fi ji da ita. Kalmomi biyu ne kacal, ana maimaita su sau huɗu: "Ina kuka." Ni ina zaune a bayan injiniya, tsigar jikina sai tashi take. Sai ga Baba maigadi ya shigo karɓar kuɗin man janareta. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa kunne, can ya dube ni ya ce, "Ɗana, wai shi yaron nan miya zai kaɗa ne? Tun ɗazu nake jin yana cigiyar kuka."

Ba wanda ya yi dariya. Injiniya ya mayar da waƙar baya ya sake kunnawa, muka yi tsit. Muryar ta taso daga ƙasa, ta hau, ta tsaya, sannan ta faɗo a gaɓar ƙarshe. Duk Bahaushen da ya ji haka tambaya ya ji: ina aka ajiye kukar miya? Kukan hawaye a sama yake tsayawa, ba ya faɗowa. Shekara uku muna kaɗa wannan karin, mu huɗu duk da Hausa a bakinmu, sai da dattijon da bai san me ake kira kiɗan rok ba ya zo ya buɗe mana kunne.

Mu 'yan Kaduna ne. Ni ke riƙe da bes, wato jita mai kaurin sauti, mai gangarmu a coci ya koya can Sabon Tasha, mai jita ɗan Unguwar Rimi, mawaƙi kuma ɗan Tudun Wada. A 2019 muka haɗu, a wani gareji a Barnawa muke atisaye, kuma irin rok ɗin da Turawa ke kira altanatif muke yi, wato na waɗanda suka kauce wa babbar hanyar kasuwa: jita mai ƙara da gurnani, baiti a hankali, amshi kamar rufin kwano zai yaye. Yawancin waƙoƙin a lokacin kullen korona na 2020 aka haife su, kowa yana gida yana turo wa 'yan'uwa abin da ya ɗauka a waya. Kuma dukkansu da Turanci aka haife su. Nan gizo ke saƙa.

Wajen ƙarshen 2022 mai jitarmu ya kamu da kiɗan Buzayen Nijar, ba shi da zance sai Bombino da Mdou Moctar. Mutane ne da ke cika dandali a Turai da Amurka da harshensu na Tamashek, ba su ari na kowa ba. Ranar da ya gaya mana cewa albam ɗin Mdou Moctar na farko ma a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, kunya ta kama mu. Muka yanke shawara a take: albam ɗinmu da Hausa zai fito. Shawarar ba ta da aibi, har gobe ina alfahari da ita. Abin da muka yi bayanta ne ya kashe mu, domin ba mu zauna mun sake gina waƙoƙin ba. Muka ci gaba da atisaye, mawaƙi yana cika gurbin kalmomi da "na na na" ko tsofaffin kalmomin Turancin, a kan cewa Hausar za ta zo daga baya.

Ni na kawo wannan dabarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Akwai labarin da duk ɗan rok ya haddace kamar karatun allo, na albam ɗin farko na ƙungiyar rok ta Amurka mai suna Nirvana, wato Bleach, wanda ya fito a 1989: an ɗauke shi a Siyatil cikin kimanin awa 30, a kan dala 606 da 'yan kai, kuma an sha faɗin cewa mawaƙinsu Kurt Cobain ya rubuta mafi yawan kalmomin ne a daren jajibirin ɗauka. Wannan labarin na riƙa kawowa duk lokacin da mawaƙi ya ce a ba shi lokaci ya zauna da kalmomi. Har na taɓa ce masa, "Haba ɗan'uwa, Hausa ce fa, da ita ka tashi. Dare ɗaya ya ishe ka." Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne Turanci ba ya sauya ma'ana don murya ta hau ko ta sauka. Ka ja kalmarsu yadda ka ga dama, ka faɗo da ita inda kake so, tana nan yadda take. Tamu ba haka take ba, kuma na sani, don a makaranta an koya mana. Ban dai taɓa haɗa darasin aji da abin da muke yi a gareji ba.

Jos muka zaɓa saboda a can muka sami situdiyon da ke da ɗaki mai faɗin da za a kafa ganguna, da na'urar da ke ɗaukar makirufo takwas a lokaci guda. Yawancin waɗanda muka zagaya a gida an gina su ne don fiyano da kwamfuta da murya ɗaya, ba laifinsu ba ne, abin da kasuwa ke nema ke nan. Muka biya kafin alƙalami na kwana biyar a watan Mayun 2023, za mu shiga makon farko na Yuni. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya ninka, injiniya kuma ya ce man janareta a kanmu yake, don janareta ba ya shan alkawari. Tun kafin mu taɓa igiyar jita aljihu ya riga ya huje.

Don a rage kwanaki muka ce a ɗauke mu gaba ɗaya, a ɗaki ɗaya, kamar muna kan dandali. Aka kafa ganguna a tsakiya, makirufo biyu a sama da su, amfilifayar jita, wato akwatin da ke ƙara mata sauti, a kusurwa an kare ta da katifa, ni kuma aka jona bes kai tsaye cikin na'ura. Injiniyan, wanda muke kira Oga, ya yi mana gargaɗi, zan ba shi haƙƙinsa. Ya ce katifa ba bango ba ce, ƙarar jita za ta shiga makirufon ganguna, kuma abin da ya shiga ya shiga ke nan. Muka ce mun ji, ai haka muke so, ɗanye. Waƙa goma cikin kwana uku. Aikin ya tafi sumul, in ban da awa biyun da ruwa ya hana mu don yana dukan rufi. Ba ni da abin cewa a kan waɗannan kwanakin sai dai ban taɓa jin daɗin kiɗa irin haka ba.

A daren rana ta 3 mawaƙi ya zauna da waya a masauki ya rubuta Hausar, ni ina taya shi. A rubuce komai lafiya lau, har da kalmomi masu taɓa zuciya. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna dogon wasali da gajere. Kuka ta miya da kuka na hawaye haruffa huɗu ne iri ɗaya a fuskar waya. Mu kuma da muke rerawa a ranmu, mun san abin da muke nufi, sai kunnenmu ya riƙa jin abin da muke nufi maimakon abin da ke fita.

Bayan maganar Baba, Oga ya ce a rera sauran ɗaya bayan ɗaya a ji. Na roƙi Baba ya zauna, na sayo masa goro. Waƙa ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. A ta huɗu akwai inda ake cewa "zan bar gari", kuma karin ya ja gaɓar "ga" har bugu biyu, saboda a asalin Turancin wata doguwar kalma ce a wurin. Da aka ja ta, gari na mutane ya tashi daga aiki, garin tuwo ya maye gurbinsa. Baba ya gyara hula ya ce, "To, ga kuka, ga gari. Saura daddawa ku ɗora tukunya." A nan ne Oga ya kasa daurewa, ya kifa kai a kan tebur yana dariya har da hawaye. Cikin goma, uku sun lalace a amshi, wurin da ba ya ɓoyuwa, wasu biyu kuma suna da ƙananan tabo a cikin baiti.

Mai karatu zai ce ai sai a sauya karin muryar, kiɗa ya zauna yadda yake. Haka ni ma na ce. Sai dai salonmu, wanda muke taƙama da shi, shi ne jita tana bin murya sau da ƙafa a amshi, abin da mawaƙi ya rera shi jita ke faɗa. Kuma wannan jitar tana cikin makirufon ganguna. Oga ya kashe layin jita gaba ɗaya, amma ga karin nan yana leƙowa ta cikin ƙarar farantan ƙarfen da ake kaɗawa tare da ganguna kamar fatalwa. Ya gwada yanke sautin da na'ura, ganguna suka koma kamar ana kaɗa kwali. Mawaƙi ya gwada rera sabon kari a kan tsohon, abin ya zama kamar masu talla biyu a ƙofar gida ɗaya. Arhar da muka nema ta kwana uku ita ta ɗaure mu: da an ɗauki jita daban, da awa biyu sun isa gyara.

Sai muka juya ta ɗaya ɓangaren, a bar kari a sauya kalmomi. Muka kwana muna neman kalmomin da hawa da saukarsu da tsawonsu suka dace da gurbin, kamar mai neman murfin da zai rufe tukunyar wani. Ana samu, amma abin da ake samu ba shi da rai. Waƙar da aka yi ta a kan rasuwar yayan mawaƙi ta koma wasu kalmomi da ba su da abin cewa sai dai sun zauna daidai. Wajen ƙarfe 3 na dare rigima ta tashi. Mai ganga ya ce a bar shi haka, wa zai lura, masu jin irin wannan kiɗan rabinsu ba Hausa suke ji ba. Mawaƙi ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Umma za ta lura." Ba wanda ya ƙara magana. Ya kuma juyo ya dube ni, bai ce "dare ɗaya ya ishe ka" ba, amma na ji ta.

Muka ƙarasa muryoyin bakwai a rana ta 5, muka dawo Kaduna da albam guntu da aljihu wayam. A mota ba mai yi wa wani magana tun daga Jos har Saminaka.

Bayan sati biyu na je gaida malamin da ya koya mana Hausa a sakandare, ya yi ritaya, na same shi a zaure. Na kunna masa a waya ina sunkuyar da kai. Ya yi murmushi ya ce in karanto masa kalmomin, ya ɗauko takarda ya rubuta su da ajami. Nan na ga abin da ya fi komai ba ni haushi a duk wannan tafiyar: a ajami garin tuwo yana da alif bayan harafin farko, gari na mutane ba shi da shi. Bambancin da ya ci mana kuɗi yana nan ɓaro-ɓaro a rubutun da na koya tun ina yaro a makarantar allo. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe da da wannan muka rubuta da ba mu faɗa ba." Ya ce da mun tsira daga gari, amma kuka sai kunne, don ajami ma ba ya nuna karin sauti.

Ya yi mini bayanin da nake ganin duk mai son ɗora Hausa a kan kiɗan waje ya kamata ya ji. Gaɓar Hausa iri biyu ce, mai nauyi, kamar mai dogon wasali, da marar nauyi, kuma a kan wannan aka gina ma'aunin rubutacciyar waƙa. Mawaƙan baka ma, ko ba su taɓa jin kalmar aruli ba, wato ilimin ma'aunin waƙa, ba sa wasa da shi: gaɓa marar nauyi ba a ba ta dogon bugu. Karin sauti kuwa, in ji shi, mawaƙa suna ɗan lanƙwasa shi, ba kullum suke bin sa daidai ba, domin sauran kalmomin jimla suna ceton ma'ana. Amma amshi mai kalma biyu ba shi da maceci, musamman a ƙarshen layi inda kunne ke tsayawa. Ya ce in tuna kalangu ma magana yake yi, kuma ba da komai yake yin ta ba sai hawa da sauka da tsawo. Mutanen da ke fahimtar zancen ganga, su za ka kawo wa murya tana hawa inda ya kamata ta sauka?

Komawa Jos ta ɗauke mu wata biyar. Mai ganga ya sami aiki a Abuja, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Kuɗi babu. Na sayar da amfilifayar bes ɗina, wadda na yi shekara biyu ina tara kuɗinta, don ni na jawo kuma kowa ya sani, ko da yake ba wanda ya ce in sayar. Har yau in na je wasa sai na yi aro, kuma duk lokacin da na ɗauki ta aro mai tsamin sauti sai na tuna Kurt Cobain, Allah ya sani ba da alheri ba.

A wata biyar ɗin nan muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Kalmomi suka zo gaba. Mawaƙi zai faɗi layin da baki kawai, kamar yana hira, mu ɗauka a waya, mai jita ya bi hawa da saukar maganar ya fitar da kari daga cikinta. Sannan mu kai wa wanda ba ruwansa da rok: mai shayin bakin layinmu, ƙanwar mahaifiyata, wani mai gyaran babur. Ba ma nuna musu rubutu, ba ma gaya musu abin da waƙar ke nufi, tambaya ɗaya ce, me ka ji an ce? Abokanka masu son kiɗan ba su da amfani a nan, za su gyaɗa kai su ce ya yi wuta. Wanda kiɗan ke damunsa shi ne ke jin kalmomi.

Wani abin da ban zata ba, kuma shi ne ɗan abin da ke sanyaya mini rai: da muka bar "kuka" a sama kamar yadda Hausa ke so, amshin ya daina sauka gida. A rok an saba layi ya faɗo ya huta a ƙarshe, kunne ya sami natsuwa. Namu sai ya tsaya a rataye, sau huɗu, ba hutu. Mai jita ya ƙi shi da farko, ya ce kamar an bar ƙofa a buɗe. Da muka kaɗa shi sau biyu a gareji kowa ya yi shiru, don haka kukan yake, ba ya ƙarewa inda kake so. Wannan amshin ya fi tsohon nesa ba kusa ba, kuma ba mu muka ƙirƙiro shi ba, harshen ne ya tilasta mana.

A Nuwamba muka koma, kwana biyu, waƙa uku. Wannan karon aka ɗauki ganguna da bes tukuna, jita daga baya ita kaɗai, kuma kafin a danna komai sai da mawaƙi ya rera kowace waƙa da cikakkun kalmominta Baba yana zaune. Kowace yamma na kwashi ɗanyen aikin a ma'ajiya biyu, ɗaya a jakata ɗaya a ta mai ganga. Amma ɗaki ba ya maimaita kansa. An sauya fatar ƙaramar ganga, an matsar da kaya, hunturu ya busar wa mawaƙi maƙogwaro. Duk mai kunne zai ji waƙoƙi ukun nan sun fi sauran bushewa, Oga ya yi iya yinsa wajen haɗa sauti amma ɗinkin yana nan. Akwai kuma wani salon jita da mai jitarmu ya yi a tsohon ɗaukan watan Yuni, daƙiƙa 40 da bai taɓa yin irinsu ba kuma bai sake ba. Ya gwada sau tara a Nuwamba. Yana nan a kwamfutata, a ƙarƙashin muryar da ke cigiyar kayan miya, ba wanda zai taɓa jin sa.

Da aka gama, Oga ya kunna waƙar da ƙarfi, Baba yana tsaye inda ya tsaya a watan Yuni. Ya saurara har ƙarshe, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya tambayi mawaƙi, "Yaro, wa ya rasu?" Mawaƙi ya ce yayansa ne. Baba ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya fita.

Albam ya fito a Fabrairun 2024, muka sa shi a Audiomack da Boomplay da Spotify, da katin wani ɗan'uwana muka biya kuɗin rarrabawa don da dala ake biya. Bai mayar da kuɗin amfilifaya ba, bai ma kama hanya ba. Umman mawaƙi ta ji, ta sa an tura mata waƙar a wayarta.

Sati guda da fitowarsa Malam ya kira ni, ya sa albarka, ya ce aiki ya yi kyau. Har zan ajiye waya sai ya ce, "Amma waƙa ta 9, baiti na biyu. Wuyan wa ya sha?" Ɗaya ce daga cikin ƙananan tabon nan biyu da muka ce ba komai, ba sai an sake ba. Mawaƙi yana nufin ya sha wuya, wato wahala, kari kuma ya faɗo da kalmar ta koma wuyan da ke ɗauke da kai. Tana minti na 2 da daƙiƙa 10. In ana jin albam ɗin a gabana, daidai nan nake tashi in ce bari in duba ko an kawo wuta.